Aiken da Na Kai Tsakanin Kwamanda da Ustaz

Bab Makka, Jidda.

Zuwa ga ɗana Yasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka na unguwar Khumra. Allah ya tsare min kai a tudu da cikin ruwa, ya raba ka da sharrin mai mugun nufi, ya kuma raba ka da sharrin mai kyakkyawar niyya, don shi ne ba a yi wa shiri.

Ƙanwarka Asma'u za ta kawo maka ita. Na san karatun Hausa nauyi yake yi maka, kana jan sa kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, amma ka daure ka karanta da kanka, kada ka ba kowa. Da Larabci na saba yi wa magana kwalliya, shi ya sa yau na guje shi.

Ran nan da ka zo shago ka ce min iƙamarka, takardar zaman ƙasar nan, ta ƙare, kafilin da ke tsaya maka ya ƙi sabuntawa, ban yi mamaki ba, zamanin ne ya zo da haka. Da ka ce ranar Alhamis za ka hau jirgin ruwa zuwa Sawakin, ka wuce Kasala wurin kawunnanka, na ce madalla, ai gida ne. Sai ka rage murya ka ƙara sauran. Ka ce samarin unguwa a can Kasala sun ɗauki makami don tsare gari saboda yaƙin da ke cin Sudan, kuma shugabanninsu biyu ne, ɗaya tsohon soja, ɗaya ɗan siyasa, ba sa ga maciji. Ka ce: "Yaba, ni ba bindiga zan riƙe ba. Tsakaninsu kawai zan riƙa kai magana, sun ce ina da sanyin baki." Ka ga ina ta naɗe yadin da na riga na naɗe, ka ɗauka yarda ce. Ba yarda ba ce. Tsoro ne ya kama ni, domin aikin da na yi ke nan, ya waladi, shi ɗin dai, ba wani mai kama da shi ba.

Kun san ni ɗan Eritiriya ne a takarda, kun san na yi yaƙin neman 'yanci, iyakar abin da kuka sani ke nan. Mu Takari ne, kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin kogin Gash, suka zauna noman dawa da auduga. Ni ban san siyasa ba. Sojan Habasha suka ƙone mana rumbuna, ƙanena Isiyaka ya yi zuciya ya shiga daji, ni kuma na bi shi don in dawo da shi. Da na je aka ba ni shayi, aka ce da ni ɗan'uwa, aka miƙa min bindiga, sai kunya ta hana ni cewa biko na zo. Ka ji yadda ubanka ya zama mayaƙi. In wani ya ba ka labarin jarumtata, ka ce masa Allah ya saka da alheri, amma ba haka aka yi ba.

Wautata ta farko ke nan, na shiga ban tambayi wa ke da magana ta ƙarshe ba. Kai ka tambaya. Kafin ka kurɓi shayinsu ka ce: in waɗannan biyun sun saɓa, maganar wa ake bi? In aka ce maka ai shawara ake yi, to ka san ba mai ita.

Mu ma kawunanmu biyu ne. Akwai Kwamanda Jabir, makiyayin raƙuma ne tun asali, ko alif bai sani ba, amma in ya dubi tudu zai gaya maka ta inda abokan gaba za su ɓullo, kuma ta nan za su ɓullo. Ba ya cin abinci sai kowa ya ci. Sai kuma Ustaz Kamil, wanda shugabannin siyasa na waje suka turo mana. A Alƙahira ya yi karatu, shi ke koya mana dalilin yaƙin, ta hannunsa harsashi da magani ke zuwa, shi ne kuma ya hana mayaƙa ƙwace awakin talakawa, har ya sa aka yi wa wani bulala a kan tunkiya. Dokar ƙungiya ta ce ba a kai hari sai su biyun sun yarda. Wanda ya kafa dokar nan, Allah ya gafarta masa, da alama bai taɓa ganin zakaru biyu a akurki ɗaya ba.

Da farko tare suke shan buna, gahawarmu ta can, tukunya ɗaya, finjali yana zagayawa. Daga baya kowa ya sa aka dafa masa tasa. Can kuma Ustaz ya kwashe mutanensa ya koma ƙetaren rafi, wai wurin ya fi inuwa. Jabir yana cewa 'yan siyasa suna otal suna raba kujerun ƙasar da ba a ƙwato ba tukuna. Kamil yana cewa in aka bar masu bindiga ba linzami, ranar da aka kori Habasha za a wayi gari da sabon Habasha mai irin fuskarmu. Ni in na zauna gaban wannan sai in ga gaskiyarsa, in na haye rafi sai in ga ta wancan. Wallahi har yau da furfurata haka nake.

Da suka daina magana sai aka nemi ɗan aike. Kowace ƙabila a rundunar tana da gefen da ta karkata, mu Takari ne kawai ba a lissafa mu da kowa, ga shi ina jin Larabci da Tigre. Aka ce Haruna ya dace, yana da sanyin baki. Kai, na ji daɗi! Har wani taku na sauya.

To ka san tarbiyyarmu. Kakanka shi ke sasanta rigimar gona da ta aure a ƙauyenmu, kuma a gabansa na koyi cewa mai shiga tsakani ba ya kai magana da zafinta, sai ya fifita ta huce. In miji ya ce matar nan ta ishe ni, kakanka zai je ya ce mijinki yana kewar girkinki. Da haka ya riƙe gidaje da yawa, har ya rasu ana sa masa albarka. Ni kuma na ɗauki wannan na shiga da shi cikin yaƙi.

Jabir zai ce: "Je ka gaya wa mai tabarau ɗin nan, in bai turo harsashi ba zan zo in ɗauka da kaina." In haye rafi in ce: "Ustaz, Kwamanda yana gaisuwa, ya ce ko za a taimaka da harsashi, an ɗan matsu." Kamil ya taɓe baki ya ce: "Yau ya san gaisuwa? Ba shi. Ka ce masa ba don harbin iska aka sayo su ba." In dawo in ce: "Ustaz ya ce ga su, Allah ya ba da nasara." Jabir ya yi murmushi ya ce ashe yaron yana da kunya. Haka muka yi ta yi, kaya suna zuwa, ba wanda ya zagi wani ido da ido. Mayaƙa suna cewa albarkacin Haruna ake zaune lafiya, ni ma na yarda da hakan. Ko yanzu ban iya cewa ƙarya suka yi ba, don watannin nan ba a zubar da jinin kowa a tsakaninmu ba.

Sai maganar gada ta taso. Akwai sansanin sojan Habasha a bakin wata gada, Jabir yana so ya ci shi kafin damina ta cika Gash ta raba mu da shi. Amma akwai hanyar mota da agajin sojan Habasha zai biyo daga gari, dole wani ya tare ta, kuma mutanen Ustaz ne a kusa da ita. Ya aike ni. Kamil ya saurara har na gama, ya cire tabarau ya goge, ya ce: "Ka gaya masa ko mutum ɗaya ba zan ba shi ba. Shugabanni suna tsakiyar tattaunawa da masu ba mu makamai, sun ce a dakata. Shi suna yake nema, yana so a ce Jabir ya ci gada, don a ba shi kujera a babban taro. Ba da yarana ba."

Ina tafe ina juya maganar a raina. In na kai ta haka, na san Jabir, ranar za a raba gari. Sai na ce bari in yi yadda na saba, in sanyaya nan, in koma in lallashi can, ai sau nawa Ustaz yana cewa a'a da safe ya ce to da yamma. Na ce wa Jabir: "Bai ƙi ba, Kwamanda. Lokaci kaɗan yake so ya shirya mutanensa." Ya dube ni ya ce: "Haruna, zai tare hanyar?" Na ce zai tare. Na koma don in lallashi Kamil, na tarar ransa a ɓace, sai na fara da abin da zai sauko da shi, na ce Kwamanda ya ji bayaninka, yana kuma girmama ra'ayinka. Ya ce alhamdu lillahi, ashe ya haƙura. Na buɗe baki in gyara, sai baƙi suka shigo, na ce bari sai gobe in ya huce.

Kafin goben nan tawa ta zo, hadari ya haɗu a gabas. Jabir ya ga in ya jira ruwa zai riga shi, ya tashi da mutanensa da sassafe. Kamil kuwa, tunda a saninsa an fasa, ya kwashi nasa ya tafi wani ƙauye yi wa manoma taro. Ni ina tsakiyar rafi, a kan hanyata ta zuwa lallashi, na ji harbi ya tashi. Na ruga sansanin Ustaz, ba kowa sai masu girki. Da hantsi motocin Habasha suka biyo hanyar nan, ko dutse ba wanda ya jefe su da shi, suka faɗo wa mutanen Jabir ta baya. Isiyaka yana cikinsu. A bakin gadar ya faɗi, ba mu ma samu ɗauko shi ba. Ƙanen da na shiga daji don in mayar wa uwarmu ke nan.

Nan ya kamata in ce maka: ɗana, ka kai magana yadda aka ba ka ita. Da na so in tsaya a nan, da nasihar ta yi kyau, ka ninke takarda ka ce Yaba ya yi magana. To saurara ka ji sauran.

Bayan gada na yi rantsuwa ba zan ƙara taɓa maganar kowa ba. Jabir ya kira ni, idonsa jawur, ya ce: "Ka gaya masa maci amana ne. Ya yi alkawari ya janye don a karkashe mu, ya huta da ni." Na ce: "Kwamanda, bai yi alkawari ba. Cewa ya yi ba zai ba da kowa ba, ni na sauya maganar." Ka san abin da ya ce? Dafa kafaɗata ya yi ya ce: "Kai mutumin kirki ne, Haruna, ƙanenka ya mutu kana neman rufa wa wanda ya kashe shi asiri. Je ka kai aikena." Na haye rafi na kai maganar ɗanyarta, ban rage ko wasali ba, na kuma gaya wa Kamil abin da na yi. Shi ma bai yarda ba. Cewa ya yi Jabir ne ya tsara min wannan don ya wanke kansa daga karya doka. Ya ba ni amsa mai zafi, na kai ta da zafinta. Ba a jima ba Ustaz ya aika wa shugabanni cewa Kwamanda ya yi tawaye, aka tsare mataimakan Jabir, Jabir ya je ƙwato su da bindiga. Mutanen da suka ci a tire ɗaya suka harbi juna a cikin rafin nan da nake hayewa. Waɗanda muka binne a wannan rikici sun fi na gada yawa.

To ka gani. Na fifita magana, aka mutu. Na kai ta da zafinta, aka mutu fiye da haka. Wani lokaci ina cewa ni na jawo komai. Wani lokaci kuma ina cewa kai Haruna, wa ka ɗauki kanka, mutanen nan da ma neman juna suke, da kai da babu kai sai sun yi. In na faɗi haka sai in ji sanyi, sannan in ji tsoron sanyin, don mai laifi ma haka yake lallashin kansa. Na kai maganar gaban malamai a Harami, wani ya ce niyya ake dubawa, wani ya ce amana ake dubawa. Na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi.

Na gudu Kasala, daga can na zo umara na maƙale, Kanawan Bab Makka suka ɗauke ni aikin shago. Ranar da aka ce ƙasa ta samu 'yanci mutanenmu na nan Jidda suka yi ta rungumar juna, ana raba alewa, mata na guɗa. Ni ina auna wa wata Ba'indonisiya yadi. Na yi murna, wallahi na yi, sai dai ban san a gefen wa zan tsaya in yi ta ba, har yau kuma ban taka ƙasar ba.

Jabir bai ga ranar ba, an ce a wani harin ya rasu. Kamil kuwa, bayan shekaru, sai ga shi a ƙofar shagona yana taya harami. Ya tsufa, ya rame, waɗanda suka ci ƙasar sun kore shi shi ma, yana rubuta wa wani attajiri wasiƙu a unguwar Abhur. Na sa aka kawo buna muka sha. Can ya ce: "Ka san Jabir ya fi ni gaskiya a kan gadar nan? Da mun ci ta, da an rage shekaru a yaƙin. Shugabannin da na ce a jira, rigimar kujera suke yi." Na ce: "Ustaz, ai kai ma abin da ka faɗa a kan masu bindiga ya tabbata." Ya yi dariya har da tari, ya ce: "Har yanzu kana nan da sanyin bakinka." Na sake gaya masa ni na sauya aiken. Ya kaɗa hannu ya ce halas, ya wuce, Allah ya jiƙan kowa. Ban sani ba ko ya yarda a ranar, ko gajiya ce kawai.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ban hango komai ba, faɗawa na yi ciki. Abu ɗaya na fito da shi, shi ma da ƙyar. In shugabanni biyu suna tura mutane inda ake mutuwa, kuma ba za su iya zama su dubi juna su yi magana ba, kada ka zama bakinsu. Kasancewarka ce za ta sa su ga ba sai sun zauna ba. In sun aike ka, ka ce su zo ga tabarma ga buna, kai ka zuba musu. In sun ƙi, ka ɗauki jakarka. Za a ce maka matsoraci, za a ce ɗan Jidda ne bai san wuya ba. Ka bari a faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, don duk na sama share fage ne. Da ka gaya min gaskiyar tafiyarka, ka ce: "Yaba, kai ka gaya wa Umma, ni ba zan iya ba." Na je gida na ce mata ka samu aikin sito a wurin masu rabon agaji a Kasala. Ashe ta kira yayarta a can, ta ji komai. Da na dawo daga shago ta tare ni a bakin ƙofa ta ba ni aike gare ka. Ni kuma na kira ka a waya na ce Ummanka ta ɗan damu, amma ta ce Allah ya tsare hanya. Na ji ka sauke ajiyar zuciya ka ce alhamdu lillahi. Sai da na ajiye wayar na gane abin da na yi. Da tsufana, Yasir, bayan duk abin da ka karanta a sama.

Ba haka ta ce ba. Ga maganarta yadda ta fito: "Ka gaya masa ban yarda ba. Ban haife shi don ya je ya tsaya tsakanin bindigogi biyu ba. In ya hau jirgin nan bai zo ya dube ni ya faɗa min da bakinsa ba, ban yafe masa ba." Tana faɗa tana kuka, gyalenta a hannu. Jiya na gaya mata cewa ban kai aiken daidai ba, kuma maganar sito ni na ƙirƙira, ba kai ba. Tun daga lokacin abinci kawai take ajiye min ta juya ta tafi, kuma tana da gaskiya.

Ban sani ba ko kawo maka maganar nan da zafinta gyara ne ko ɓarna, na taɓa yin haka na ga abin da ya biyo baya. Amma ku biyu ne, mota ɗaya ce tsakaninku, kuma ni na sauka daga aikin nan. Ka zo gida kafin Alhamis. In ka zo zan tafi shago in bar muku ɗakin, abin da za ta faɗa ka ji da kunnenka, abin da za ka faɗa ta ji da nata. In bayan haka ka ce sai ka tafi, ni zan ɗaukar maka jaka har bakin jirgi.

Ni ma akwai nawa aiken, wanda na yi ta fifitawa tun ran da ka zo shago, har na ce maka madalla. Ba na so ka tafi. Na je biko sau ɗaya na dawo hannu wofi, yanzu kuma ba ni da ƙafar zuwa wani.

Allah ya kiyaye ka inda kake da inda za ka, ya haska maka abin da ya duhunce mini, ya sa kai za ka binne mu. Ka gaida abokan zamanka. Yalla, ka taho, Ummanka tana gida.

Mahaifinka,
Haruna.